Azumin Habboba Mabrat

Ranar Talata ce. Na tashi da asuba na yi salla, na hura wuta, na fara gasa kisra, wainar dawa mai faɗi da muke ci. Ta bayan danga ina jin Habboba Mabrat tana addu'arta da yaren Habasha, ƙasa-ƙasa, ta fuskanci gabas. Shekara ashirin da biyu ina jin wannan murya kowace safiya, ban taɓa gane kalma ɗaya ba.

Habboba muke ce mata, wato kaka. Kirista ce, ita kaɗai a kambonmu, wato zangon 'yan ƙwadago, yamma da Fau, a bakin babbar hanyar ruwan noman rani da muke kira tur'a. Yaƙin ƙasarsu ne ya koro ta tun tana da ƙarfinta. Mijinta ya mutu a hanya, ba ta da ɗa ko ɗaya. Danga ɗaya ce tsakaninmu, lambunmu ma ɗaya. Ni da kuɓewa da yakuwa da albasa, ita da barkono da wani ganye mai ɗaci da take jefawa a gahawa. Kullum sai mun yi faɗa. In ce kajinta sun tone mini shuka, ta ce akuyata ce babbar ɓarauniyar kambo. Da yamma kuma mu zauna kan angareb ɗaya, gadon igiya, mu sha gahawarta.

A lokacin tana cikin azuminsu na kafin bikin haihuwar Almasihu. Ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, kuma ba ta sa komai a baki sai rana ta karkata. Abincinta garin wake ne da take soyawa ta daka da barkono, ta dama shi ya yi laushi, don haƙora uku suka rage mata. Ƙwan kajinta ni take miƙo wa ta kan danga. Saura kwana goma sha ɗaya azumin ya ƙare. Ta ɗaure jan zakara a gindin lemo tana kiwonsa don ranar, ta ce cinya ɗaya tawa ce idan na daina zagin kajinta.

Ni kuma ina da jikata Zahra'u, 'yar wata tara. Uwarta, 'yata, ta rasu wurin haihuwarta. Da nonon akuyata Kyalla na raine ta. Malam, mijina, yana can gonakin Gadarif wurin yankan dawa. Mu biyu ne a gidan, sai akuya.

Ƙarfe bakwai da rabi ina tsugune ina tatsar Kyalla. Na ji ƙarar babura daga wajen gada. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kajin Habboba suka yi tsit. Sai harbi, sau uku a jere, sannan ya ɓarke ba tsayawa. Wani ya yi ihu da Larabci daga bakin masallaci: "Ku fito! Kowa ya fito waje!" Na ji an doke ƙofar kwanon gidan mai injin niƙa. Na ji matarsa ta kira sunansa sau biyu. Ba ta kira na uku ba.

Ƙwaryar ta kife. Na suri Zahra'u na goya ta, na kwance igiyar Kyalla. Na tsallaka dangar da ban taɓa tsallakawa ba. Na tarar da Habboba a tsaye a ƙofar ɗakinta, ta riga ta yafa farin mayafinta, ta sa takalmi, da ƙullin garin wakenta a hannu. Ita ta taɓa gudu. Ta san abin da ake ɗauka.

Ni ban sani ba. Kyalla tana fizge-fizge, yarinya tana tsala kuka a bayana, hannuna ɗaya riƙe da jarkar ruwa. Na fizge ƙullin daga hannunta na jefar gindin danga, na cusa mata igiyar akuyar. Na ce, "Riƙe nan, Habboba! Ga abinci mai tafiya da ƙafarsa, kina ɗaukar mana kaya!" Ta buɗe baki za ta yi magana. Harsashi ya fasa randar da ke tsakar gidanta. Na ja ta muka fita ta bayan lambu, muna tattaka barkononta.

Shekara ashirin da biyu, jama'a. Na san azumin nan kamar yadda na san namu. Wallahi a wannan minti bai faɗo mini a rai ba.

Muka shiga cikin gonakin dawa. Zuwa ƙarfe tara mun taru mu kamar goma sha biyar, yawanci mata. Hayaƙi yana tashi a bayanmu, baƙi, wuri uku. Wani dattijo ya ce kada a bi titi, a bi gefen tur'a ta cikin gonaki. Ya ce kada wanda ya hura wuta, hayaƙi zai nuna mu. Duk lokacin da muka ji babur sai mu kwanta rub-da-ciki. Ina toshe bakin Zahra'u da tafin hannuna, Habboba tana matse bakin akuyar a hammatarta.

Da la'asar na tatsi Kyalla a murfin jarka. Gudu ya ƙafar da ita, abin da ya fito bai kai rabin na kullum ba. Na ba Zahra'u, na rage kaɗan na miƙa wa Habboba. Ta girgiza kai, ta taɓa gicciyen da ke wuyanta a baƙin zare. A lokacin na tuna da azuminta.

Mu muka karya kan dawa muna murzawa muna taunawa ɗanye. Ita ba haƙora. Na samu duwatsu biyu na farfasa mata tsabar, na jiƙa da ruwan tur'a. Ta yi alamar gicciye a kai ta sha. Kafin gari ya waye cikinta ya ɓaci.

Laraba. Ƙarfe shida muka tashi. Kowane ɗan lokaci sai ta ratse cikin kara, ta fito tana dafe da ciki. Mutanen suka jira mu sau biyu. Na uku ba su jira ba, kuma ban ga laifinsu ba. Da hantsi jirgi ya wuce ta samanmu, can nesa muka ji ƙasa ta girgiza. Da azahar leɓɓanta sun tsage. Idanunta sun faɗa.

Na sake tatsa. Na durƙusa a gabanta da murfin. Na roƙe ta. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da Nana Maryamu da take kira dare da rana. Ta kawar da kai. Raina ya ɓaci, ni dama bakina ba ya da linzami. Na ce mata taurin kan tsiya ne, na ce wane irin Ubangiji ne zai so tsohuwa ta mutu a gonar mutane saboda kurɓi biyu na nonon akuya. Na kama haɓarta zan ɗura mata da ƙarfi. Ta datse baki. Madarar ta zubo mini a hannu, na yi maza na tare, na lasa wa Zahra'u. Habboba tana kallon yarinyar tana haɗiya. Ta ce, "Saura kwana goma, Hajara. Ki yi haƙuri da ni." Na zauna a ƙasa na yi kuka, ina zaginta ina kuka.

Alhamis ba ta iya tsayuwa. Na mayar da Zahra'u gaba na ɗaure a ƙirji, na goya Habboba a baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Igiyar Kyalla na ɗaure a ƙuguna. In yi taku ɗari in sauke. Tana yi mini addu'arta a kunne, numfashinta da zafi. Ƙarfe sha ɗaya na hango dutsen Fau. Na ce mata ga shi can, ki duba. Ta ce ta gani. Na san ba ta ɗaga kai ba.

Wajen ƙarfe biyu addu'ar ta tsaya. Na ci gaba da tafiya. Na yi nisa kafin na yarda ta cika, na sauke ta.

Wasu maza biyu masu gudu irinmu suka tsaya. Suka haƙa da lauje da hannu a gefen tur'a. Suka tambaye ni ina za a fuskantar da ita. Na ce gabas. Iyakar abin da na sani ke nan. Na rufe ta da farin mayafinta, na cire gicciyen na ƙulle a bakin zanena. Ba wanda ya san abin da ake karanta wa mamatansu. Muka mayar da ƙasa, sannan muka tafi.

Da magariba na shiga Fau. Washegari lori ya kwashe mu zuwa Gadarif, har da akuyar. Bayan kwana huɗu Malam ya same mu a harabar wata makaranta.

Ranar bikinsu na nemi cocin Habashawa. Na tsaya a bakin ƙofa, mata suna ta shiga da fararen kaya. Na tare wata tsohuwa na ba ta gicciyen, na ba ta labari da Larabci tun daga farko, har da zagin da na yi. Ta saurare ni har na gama. Ta tambaye ni akuyar tana ba da nono da yawa. Na ce da ƙyar yake isar yarinyar. Ta jinjina kai. Ta ce, "'Yata, azumin nan ba ya kan marar lafiya. Duk wata tsohuwa a cikinmu ta san haka." Ta sumbaci gicciyen ta shige ciki. Sai a lokacin na gane wa Habboba take bar wa nonon.

Zahra'u ta fara tafiya yanzu. Kyalla ta haifi biyu. Gidanmu an ce ba rufi, lambun ya bushe, jan zakaran ban san wanda ya ci shi ba. Kwanan baya na ga garin wake irin nata a kasuwar Gadarif, na sa aka auna mini daidai girman ƙullin da na jefar. Mudu ɗaya da rabi ne. Na ɗora a kai na tako da shi har gida, ga yarinya a baya, ga jarka a hannu. Ban ji nauyinsa ba.