Iya Bashira da Masu Gadin Shanyarta

Kafin rana ta ɗaga, Iya Bashira ta riga ta hura wutar gumi a bayan kasuwarmu ta hanyar Bunkure. Ta turara shinkafa, ta kwashe, ta baza a tabarmi. Haka muka taso muka gan ta.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne masu gadinta. Kowace mai gumi tana kwashe shanyarta da yamma, ita kuwa sai ta tara ta rufe a nan, ga maza reras suna kwana a gefe. Shinkafar da ba ta kai buhu biyu ba! Zinariya ce?

Sai da na matsa wa Maikano, dattijon cikinsu, ya warware mini. Ƙwadago yake yi a gonakin rani. Ruwan sama ya rushe masa ɗaki, ya koma kwana a rumfar kasuwa. Sai shugabannin kasuwa suka kafa doka: duk wanda aka samu yana kwana a ciki za a miƙa shi ga hukuma, ban da masu gadin kaya.

"Ina naɗe tabarmata, ban san inda na nufa ba," in ji shi, "sai ta ce, 'Malam Maikano, ɓarayi sun dame ni. Za ka tsare mini shanya?' Alhali ko ƙwaya ba a taɓa ɗaukar mata ba."

Da 'yan kwamitin kasuwa suka tambaye ta, cewa ta yi, "Ma'aikatana ne. Ko ku za ku tsare mini?" Suka juya.

Iya, ke ce ba ki taɓa ce wa mutum "zo in taimake ka" ba. Aiki kika ba su, suka kwana da mutuncinsu.

Bana hayaƙi ya taɓa mata ido, 'ya'yanta suka hana ta gumi. Na tuna da Maikano, domin sauran masu gadin sun samu ɗaki, shi ne bai samu ba. Jiya na bi ta wajen. Murhu ya huce, amma ga shinkafa kwano ɗaya a baze.

"Iya, wannan fa?"

"Ba ta bushe ba tukuna, ɗan nan."

Na taɓa. Wallahi ta bushe ƙayau.

Mun gode, Iya, Allah Ya ƙara miki lafiya. Mu kuma da zaurukanmu ke kwana babu kowa, mu ji kunya mu buɗe, tun kafin wani ya lura shinkafar nan ta bushe.