Saiwar Gyaɗar Baba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, lokacin da kuɗin man fetur ya fara janye mutane daga gona, gyaɗar mahaifina ta lalace damina ta biyu a jere. Gonar tana Dingaya, a ƙasar Gwaram. Irin gyaɗar na gado ne, daga hannun kakana Baba ya karɓe shi, kuma ɗan kaɗan ya rage a rumbu. Da na zo hutu ya nuna mini ganyen da ya ƙanƙance ya yi rawaya. Na tsuguna na tuge tushe shida na zuba a buhu.

"Me za ka yi da su?" in ji shi.

"Zan auna su, Baba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ina jin a nan na yi kuskure.

Abin da nake nema dabam ne. A jikin saiwar gyaɗa akwai ’yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Aikin da malamina ya ba ni shi ne in ciro DNA ɗinsu, wato zaren gadon da ke cikin kowace halitta, in gano zafin da zai warware shi. Zaren biyu ne a murɗe kamar igiya, abubuwa huɗu suka gina shi, ana kiran su A, T, G da C. A da T suna riƙe juna da ɗauri biyu, G da C kuwa da ɗauri uku. Don haka zaren da G da C suka yi yawa a cikinsa sai ya sha zafi sosai kafin ya rabu. Daga zafin ake gane yawansu, daga nan a yi hasashen dangin halittar. Shi ke nan. Awon ba ruwansa da ciwon gyaɗa.

Ban gaya wa Baba haka ba. Na ji nauyin in ce duk shekarun nan ina karatu amma tambayarsa, wato abin da ke kashe masa gyaɗa, ta fi ƙarfina.

Bayan girbi ya rako ni har Birnin Kudu, inda zan hau mota.

"To, malamin gyaɗa," ya ce yana dariya, "irin nan ba zan taɓa shi ba sai ka aiko. In ƙasar ce ta gaji, in canza masa gona."

Na ce to.

Sau uku na yi awon. Biyu sun yi daidai, na uku ya saɓa da kusan digiri ɗaya. Wataƙila gishirin ruwan da na sa zaren a ciki ne bai daidaita ba, wataƙila ma'aunin zafin ne, har yau ban sani ba. Na manne wa wannan saɓanin, ina ce wa kaina in na warware shi zan sami abin aikawa gida, alhali na san ba zan samu ba.

Sai wani direban garinmu ya kawo saƙo: Baba ya ce ruwan shuka ya sauka, me na gani? Na ce a gaya masa ya ɗan ƙara haƙuri, ban tabbatar ba tukuna. Ba ƙarya na yi ba, in an bi kalmomin.

Ya jira sati uku. Maƙwabta suka yi shuka, suka yi noman fari, shi yana sauraron mota. Da ya gaji ya shuka irin duka, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Ko abin da zai ajiye na baɗi bai samu ba. Mai yiwuwa da ya shuka a kan lokaci ma ciwon ya cinye ta. Nakan gaya wa kaina haka, ba ya dai zama a zuciyata.

Da na dawo da takardar digiri ya tambaye ni, "To, me awon ya nuna?"

Na ce zaren yana rabuwa dab da tafasar ruwa.

Ya gyaɗa kai. "Allah ya sa albarka."

Bai sake shuka gyaɗa ba. Na yi shekaru ina koyarwa a Birnin Kudu, ina zana ɗauri biyu da ɗauri uku a jikin allo. Har ya rasu yana zaton amsar makara kawai ta yi.