Shekarar da Shuwaka Ta Yi Fure

Jiya maƙwabciyata a Tumfure tana wankin shuwaka, warin nan mai ɗaci ya tsallako katanga, sai ga ni ƙaramar yarinya a gidanmu na Bagadaza.

Kakata ta wajen uba tana da shuwaka guda a bakin magudanar ruwa, har ta fi ta tsawo. Duk matar da ta haihu a layinmu, Kaka ce ke aika mata da ganyen. Matar malamin makaranta ma, 'yar Tangale da ke haya a gidanmu, da shuwakar ta yi jego. Ni ce mai murza. Sai ganyen ya yi kumfa ka zubar, ka sake, amma Kaka ba ta yarda a wanke ɗacin duka, wai shi ke kawo ruwan nono. Hannuna kan wuni yana ɗaci, ko ƙuli-ƙuli na ci sai na ji shi. Na tsani shukar nan, ba sai na ɓoye maka ba.

Shekarar da arzikin fetur ya zo, Baba ya ce za a shafe tsakar gida da siminti. Lokacin Inna, mahaifiyata, tana da tsohon ciki. Wanda ta haifa kafin wannan, a garin da aka tura Baba aiki, bai rayu ba, don nono bai zo ba.

"Dada, yanzu fa akwai madarar gwangwani," in ji Baba, da Kaka ta hana a cire shuwakar.

"Da ka binne wancan, babu gwangwanin ne? To ka shafe har da ni," in ji Kaka.

Ranar da magini ya zo, Kaka ta shimfiɗa tabarma a gindin shukar, salla kaɗai ke tashinta. Haka ya zagaye ta, ya bar ƙasa kamar faɗin faifai.

Inna ta sauka da damina, Kaka ta tsare ta da ƙoƙo safe da yamma, nono ya zo. Ko shuwakar ce, Allah masani. Ƙanen nawa dai yau har da jikoki.

Bayan lokacin kaka, Kaka ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Da rani ya shigo, wata safiya na ga shuwaka ta yi fari fat da ƙananan furanni, ƙudan zuma na ta zarya, ga ƙamshi. Ban taɓa sanin tana fure ba. Na ruga da murna na kira Inna.

Ta daɗe tana kallo da goyo a bayanta, sannan ta ce, "Dama tana yi. Dada ce ke tsinke kanta kullum don ta yi ganye. Yanzu babu mai tsinka."

Yau a leda ake sayar da shuwaka, wankakkiya tas, masu jego kuma sun fi yarda da kanti. Ni dai na dasa guda a gindin tankin ruwana, kowace safiya ina tsinke kanta. Ban taɓa barin ta ta yi fure ba.