Baba Yamusa da Ranar da Ya Hana Ni Tsere

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 8 ga Afrilu, 2025, Kabir ya kira ni ina ofis ya shaida mini cewa Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa bayan jinyar mako uku. Malam Yamusa bakanike na Kurudu, wanda muke kira Baba, ya koma ga Mahaliccinsa yana da shekara saba'in da shida. An yi masa sutura bayan azahar.

Baba, kai ne bakaniken mahaifina, Alhaji Abdulmajeed, tun zamanin da yake shiga tseren motoci da Fijonsa 504, ban ma zo duniya ba. Da ya rasu, motar ta shekara tara a ƙarƙashin tamfal. 'Yan'uwana suka ce a rabu da ita, ni kuwa na sa aka jawo ta garejinka. Ba ka tambaye ni me mace za ta yi da motar tsere ba. Ka shafa bonet ɗinta, ka ce, "Nabilah, tuƙawa za ki yi ko ajiyewa?" Na ce tuƙawa. Ka ce, "To, sai ki koyi sauraronta."

Darasin farko a kan lagireton baƙin mai ne, wanda makanikai ke ce wa oyil kula. Ka bayyana mini cewa tsohon inji in aka matsa masa a zafin watan Maris, baƙin mai yakan tsinke kamar ruwa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Da jin haka na yi odar mafi girman da na gani daga waje, na kawo maka yana ƙyalli, ina jiran yabo. Ka juya shi a hannu, ka mayar cikin kwalinsa.

"Wannan na babbar mota ne," in ji ka. "Zai tare wa lagireton ruwa iska. Kuma man da bai ɗau zafi ba shi ma cuta ne, ba ya zagayawa yadda ya kamata."

Ƙarami ka zaɓa, mai layi goma sha uku, ka haɗa shi da ɗan bawul da ba ya barin mai ya bi ta cikinsa sai ya yi zafi. Ka ɗora shi a kan roba don kada girgizar hanya ta tsaga shi, ka sa masa raga saboda tsakuwa. Wani ya ba mu tsoho da aka cire daga injin da ya buga, ka ƙi karɓa, ka ce garin ƙarfe na ɓuya a cikinsa, kuma ba wankin da ke fitar da shi duka. Ni da ke da digirin injiniya, a gabanka na san iyakar takarda.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta tseren masu tsofaffin motoci a wani filin ƙasa kusa da Uke, shekara biyu da suka wuce. Motoci goma sha ɗaya, ni kaɗai ce mace. A makon ka yi fama da zazzaɓi, sai na kai motar wani waje aka canza mini tiyon mai, ban gaya maka ba. Da safen ranar ka zo duk da rashin ƙarfin jikinka. Ina zaune da hular kwano, inji na aiki, ka zura hannu ƙasa, ka fito da yatsa ka duba, ka ga baƙin mai a kai. Sai ka miƙa hannu ta taga ka kashe motar, ka zare makulli ka sa a aljihu.

Oga Nicholas, mai shirya taron, ya zo ya roƙe ka, ya ce ɗigo ɗaya ne, a ɗaure kawai. Ka nuna ni, ka ce masa, "Oga, wannan 'yar amana ce." Ni kuwa na faɗa maka maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ka kunyata ni a gaban maza, za a ce tsoro na ji. Wata biyu ban taka garejinka ba.

Kai ne babba, amma kai ka zo gidana. Ka ajiye tiyon da ka cire daga motar a kan tebur, ka tsaga shi da wuƙa a gabana. Tiyon ruwa ne aka sa mini, ba na mai ba. Cikinsa ya riga ya ruɓe, kuma a jikin motar, tsakaninsa da salansa, wato bututun hayaƙi, bai fi taƙi ɗaya ba. Da ya fashe ina cikin gudu, wuta ce. Na durƙusa na ba ka haƙuri, ka ce in tashi, shayinka na hucewa. Daga ranar ba ka sake tayar da zancen ba, ko da wasa.

A watan Maris ɗin nan na koma Uke na zo ta huɗu, kana kwance a asibiti. Na je da murnata in ba ka labari. Ba ka tambayi matsayina ba, cewa ka yi, "Allurar zafin mai, ina ta tsaya?" Na ce a tsakiya, tun daga farko har ƙarshe. Ka lumshe ido ka ce alhamdulillahi. Wannan ce hirarmu ta ƙarshe.

Ba na shakkar abin da zan faɗa a kanka. Na shaida kai mai gaskiya ne a sana'arka, ba ka taɓa ɗaura wa mutum abin da ba za ka ɗaura wa ɗanka ba, kuma ka zaɓi in yi fushi da kai ina raye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, Hajiya Zuhra, da Kabir da Safiyatu da sauran 'ya'ya da jikoki, da dukkan makanikan Kurudu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah, bawanKa Yamusa ya tsare ni daga wutar duniya, Ka tsare shi daga ta lahira. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da amininsa mahaifina a Aljanna Firdausi. Amin.