Ɗan Amshi a Kabong

Ranar da aka zo gareji aka ce mini Oga ya rasu, ina ƙarƙashin wata tasi. Na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da ɗaure noti. Ban ji komai ba, wallahi.

Oga shi ne mai ba da waƙa a ƙungiyarmu. Mu huɗu ne, tun zamanin da kuza ke da daraja a Jos. Wani kukun Bature ya ba mu aron garmaho da faya-fayan samarin Amurka masu waƙar roka, muka bi su muka koyi salonsu. Oga ɗan mishan ne, yana jin Turanci, sai ya ɗauki baitoci. Mu uku da ko "zo" ba mu sani ba aka bar mana amshi: du-wa, du-wa, iyakarmu ke nan. Ni ne mai ƙatuwar murya ta ƙasa. 'Yan unguwa na kiranmu 'yan du-wa, marasa kunya su ƙarasa kalmar yadda ka sani. Muna sa kwat iri ɗaya, mu tsaya bayansa a kulob ɗin Turawan kuza, muna kaɗa yatsu.

Daga baya Oga ya tafi Legas zai yi faifai shi kaɗai, yadda na Amurkan ke yi in kansu ya kumbura. Faifan da ban taɓa gani ba ke nan. Ya dawo ya kama aikin madara a Vom. Ɗayanmu ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ɗayan ya je Makka, in ka tuna masa waƙa sai ya haɗe rai kamar ka zagi babansa. Turawa suka watse, disko ya shigo, yara suka koma gashi buzu-buzu da wando mai faɗin ƙafa. Wa zai tuna da mu?

Na je unguwar Kabong ranar binnewa, da hantsi, da baƙin mai a farcena. Na sami gefe na tsaya, tunda addu'arsu daban da tamu. Mawaƙan coci sun gama nasu, sai matarsa ta ratso mutane ta zo gabana.

"Malam, ya ce in ya mutu kai zai yi masa waƙan nan naku. Mai sanyin nan."

"Haba Madam, ni ɗan amshi ne fa."

"Shi dai ya faɗa."

To, ka ji Oga. Ko a mace sai ya tsayar da mutum inda yake so. Na san waƙar da take nufi, da ita muke rufewa kullum. Amma shekara da shekaru ina bayansa, ban taɓa riƙe kalma ɗaya ta baitin ba. Me zan yi da ita? Aikina in jira ya sauke, in karɓa.

Na tsaya bakin ramin. Na kaɗa yatsu, na ce du-wa, du-wa. Sai na yi shiru, daidai tsawon baitinsa. Na sake karɓa. Na sake yin shiru. Ina jin mutane na gyara tsayuwa, wani ya yi tari. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wayyo, ya manta." Shugaban mawaƙa, mutumin kirki, ya ɗaga hannu zai tayar da nasu don ya rufa mini asiri.

Madam ta riƙe hannun rigarsa.

"Ku bari," ta ce. "Shirun nan wurin mijina ne."

Haka muka yi ta har ƙarshe, ni da shirun. Ban yi kuka ba, muryata ma ba ta karye ba. Aka zuba ƙasa, aka ba ni shinkafa na ci, na koma gareji don mai tasin zai kai fasinja Naraguta da la'asar.

Na shiga ƙarƙashin motar, na miƙa hannu a ba ni sifana. Abokin aikina ya leƙo ya ce wa nake jira, ga ta a hannuna tun ɗazu. Ashe bakina a buɗe yake, na ja numfashi, ina jira a sauke in karɓa.