Shinkafar Shekarar Ruwa Mai Hankali

Mahaifina yakan gane shekarar da aka noma shinkafa daga loma ɗaya. Na san yadda maganar take a kunne, ni ma da wani ne ya faɗa mini da na ce cika baki ne. Amma na gwada shi ba sau ɗaya ba. Bayan na yi aure a cikin garin Haɗeja, duk zuwan da zan yi ƙauyenmu da ke kusa da Guri sai na ƙullo shinkafa daga kasuwa, in dafa a ɓoye in ajiye masa a kan tabarma kamar ta gida ce. Zai ɗauki loma, ya juya ta a baki, ya dubi rufin zaure, sannan ya ce, "Uwata, wannan ta rani ce, ruwan inji ta sha, kuma ba ta ko yi wata uku a buhu ba." Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Haushi yakan kama ni, don ban taɓa kama shi da kuskure ba, kuma duk tambayar da zan yi masa a kan yadda yake ganewa amsarsa ɗaya ce, wai ni haɗiya nake yi, ba ci ba.

Shinkafar da yake ji da ita ita ce jar nan ta gado, wadda ya karɓa daga hannun mahaifinsa. Ba ta da kyan gani. Ƙwayarta gajera ce, bayanta ja kamar ƙasar tukwane, kuma ko an surfa ta sai jan ya maƙale. A fadama ake watsa ta da ruwan fari, kafin kogi ya cika. In ruwa ya fara hawa sai ita ma ta dinga miƙewa tare da shi, kanta a sama, har wani lokaci sai da kwale-kwale ake shiga yanka. Halinta duk a hannun ruwa yake. In ya zo da gaggawa ya shanye ta, in ya makara ta tsumbure, in ya janye da wuri sai ƙwayar ta fito ba nauyi. Shi ya sa a gidanmu da halin ruwa ake kiran shekaru. Akwai shekarar ruwan fushi, akwai shekarar jan-baki, lokacin da tsuntsaye suka raba gonar da mu, akwai kuma wadda Baba ya sa wa suna shekarar ruwa mai hankali.

A wannan shekarar ta ruwa mai hankali ina da cikin 'yata ta fari, na koma gida goyon ciki, don haka a idona aka yi komai. Ruwa ya hau sannu a hankali kamar mai neman izini, ya zauna iya zaman da ake so, ya janye ba tare da ya kwantar da kara ko ɗaya ba. Tsuntsaye ma ban san inda suka tafi ba. Da aka sussuke shinkafar, Baba ya cika hannu da ita ya auna nauyinta, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori, sai na ga ya yi shiru. Ya sa Inna, mahaifiyata, ta surfa kaɗan ta dafa ba mai ba gishiri. Ni da na ci, ban ji wani abin a zo a gani ba. Ta caɓe, tana manne wa yatsu, tana warin ɗanyen haki da laka, ga wani ɗan bauri a ƙarshen harshe.

Na ce, "Baba, wannan ce ake ta yi wa shiru haka? Ai ta bara ta fi ta."

Ya ce, "Ta bara ta gama faɗin abin da ke bakinta. Wannan ko magana ba ta fara ba. Kin ji baurin nan?"

Na ce na ji, shi ne ma ya hana ni ƙarawa.

"To shi zai riƙe ta. Shinkafar da ba ta da bauri tana sabuwa, ba ta da abin da za ta tsufa da shi."

Washegari ya aika aka kawo manyan randuna biyar. Aka shanya shinkafar da ɓawonta har sai da take ƙara in an taka, aka zuba ta ciki ana barbaɗa toka da busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari, aka kife bakin kowace randa da kasko, ya liƙe da yumɓu da hannunsa. Ya jera su a ɗakinsa a kan tudun ƙasa da ya ɗaga, ya ce ba mai taɓa su, duk kaka za a fasa ɗaya. Inna ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin an yi wa shinkafa kulle ba. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Daga nan zuwa gida da kaka ya zame mini dole. Mijina har tsokanata yake yi, wai mutane na zuwa ganin iyaye, ni ina zuwa ganin randa. Ban musa ba. So nake in ga ko da gaske abu yana zaune a rufe cikin duhu, ba wuta ba ruwa, ya sake hali. Randa ta farko da aka fasa, warin lakar ya tafi, ƙwayar ta fara tsayawa da kanta a tukunya, baurin yana nan amma ya rage kaifi. Ta biyu kuwa tun daga ƙofar gida na ji ƙamshinta, wani ƙamshi kamar na gyaɗa da aka soya a yashi. Ta sha ruwa fiye da yadda Inna ta saba zubawa, ta kumbura, ta warware ɗai-ɗai. In ka tauna sai ka ji zaƙi yana fitowa daga baya, bayan ka ɗauka ka gama da lomar. Baba ya hana a zuba miya. Man shanu kaɗan kawai ya yarda da shi, sai bandar kifi a gefe ga wanda ba zai iya haƙuri ba. Ya ci, ya lumshe ido, ya ce, "Ta fara gaisuwa. Da sauranta."

Sai dai a waje abubuwa ba su tsaya jiran randunan ba. Shekarar da ta biyo bayan mai hankali ruwa ya zo da fushi, ya shanye abin da aka shuka, ya shiga har rumbun da aka ajiye ragowar iri. Bayan ya wuce sai kachala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta toshe hanyar da ke kawo wa fadamarmu ruwa. Inda ake so ruwa ya je ya daina zuwa, inda ba a so ya kwanta ya ƙi tashi. Maƙwabta ɗaya bayan ɗaya suka sayi injin ban-ruwa suka koma noman farar shinkafa da rani, wadda ke nuna da wuri kuma kasuwa ke so. Yayana ma haka ya yi, kuma da ita ake ci da gidan. Kafin mu farga, a duk ƙauyen ba inda jar shinkafa ta rage sai ɗakin Baba.

Shi wannan bai dame shi ba. In aka yi maganar sai ya nuna ɗakin da haɓa ya ce iri yana nan a killace, ranar da ruwa ya dawo za a shuka. Inna ce hankalinta bai kwanta ba. Ina zaune ranar da ta ce masa, "Malam, ka ɗebi ko kwano ɗaya a kai wa ƙanena a Kirikasamma ya watsa a gefen gonarsa. Su ruwansu yana zuwa."

Ya ce, "Ƙasarsu ba tamu ba ce. Ta je can ta dawo da wani hali, in ce na riƙe amanar mahaifina?"

"Gara ta dawo da wani hali da ta ƙi dawowa."

"Da tsohuwar zuma ake magani," ya sake faɗa, kamar yadda ya saba.

Inna ta ce, "Zuma ba a shuka ta, Malam." Ta ɗauki faifanta ta shige ciki.

Ba taurin kai ne kawai ba, ko da yake yana da rabonsa a nan. Tun kakanni ba wanda ya taɓa ajiye iri ya wuce damina ɗaya a ƙauyenmu. Ana girbi a ware na shuka, damina ta zo a watsa, haka abin yake juyawa. Ba wanda ya san iyakar kwanan ƙwaya, domin ba a taɓa samun dalilin tambaya ba. A ganin Baba, abin da ke ƙara kyau a baki ba zai yiwu a ce yana lalacewa ba. Ni ma a lokacin haka na gani, kuma hankalina duk yana kan abin da randa ta gaba za ta faɗa.

Ta uku ta fi ta biyu, ta huɗu kuma har yau ban san yadda zan kwatanta ta ba. Jan ya yi duhu. Baurin nan da ya kore ni tana sabuwa ya narke ya zama wani abu mai riƙe ɗanɗanon a baki, har ka sha ruwa bai tafi ba. Na ji gyaɗar, na ji wani abu kamar hayaƙin kara daga nesa, kuma a ƙarƙashinsu duka na ji fadamar kanta, yadda take wari da safe in ruwa ya fara janyewa. A ranar ne karo na farko da na riga Baba magana. Na faɗa masa abin da na ji, ya dube ni ya ce, "Yau kin ci abinci, Uwata." Na yi farin ciki kamar an ba ni kujerar Makka.

A ranin da ya biyo baya mutanen ƙauyukan da ke bakin hanyar ruwan suka gaji, suka yi gayya, suka shiga da lauje da adda suka sare kachalar. Aiki ne na makonni, mutane suka fito duk ƙafa a tsattsage. Da hadari ya fara haɗuwa Baba ya aiko a kira ni, ya ce za a fasa randa ta ƙarshe ba a jira kaka ba, wannan ta shuka ce. Na zo da 'yata, wadda aka haifa a shekarar shinkafar, tana ta surutu a mota.

Yayana ne ya ce kafin a watsa a gwada, kamar yadda suke yi wa irin da suke saya. Aka jiƙa cikin hannu ɗaya, aka naɗe a tsumman buhu mai laima, aka ajiye a inuwar randar ruwa. Baba ya yi dariya ya ce a gwada mana. Kullum da safe ni nake riga kowa buɗe tsumman. Ƙwayoyin suka sha ruwa suka kumbura, suka yi kyau, ina ta duba bakin kowace ko zan ga ɗan farin tsiro. Farar shinkafar da yayana ya naɗe a gefe don kwatance ta fito da saiwa har ta huda buhun. Tamu tana kwance. Aka sake jiƙa wata daga tsakiyar randa, aka sake daga ƙasa. Daga baya tsumman ya fara tsami.

Ranar da aka haƙura, Baba ya zauna a bakin randar ya ɗauki busasshiyar ƙwaya ya ɓare ta da farce, ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa. Ni kuma, Allah ya sani, ko a wannan halin so nake in ji me zai ce game da ɗanɗanon.

Na ce, "Baba, yaya take?"

Ya ce, "Ba ta taɓa kai haka ba." Sannan ya ce, "Ashe duk shekarun nan da nake yabonta, mutuwarta nake ɗanɗanawa."

Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na ranar ba. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, kuma ba ta ce ai na faɗa ba, ko da ido.

Yayana ya hau babur ya zaga har Kirikasamma da Birniwa yana cigiya. Ya samo jar shinkafa kala biyu, Baba ya tauna kowace ya ce 'yan uwanta ne, amma ba ita ba ce. Ɗaya daga ciki aka watsa a fadamar a wannan damina, ta kuma yi, ana ci har yanzu.

Randar kuwa, Baba ya ce a surfe ta duka a dafa, a kira dattawan unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tsofaffin da suka yi shekara da shekaru ba su ga jar shinkafa ba suka hau ci, ƙarar kwano na tashi. Can wani abokin Baba ya lashe yatsa ya ce, "Malam, in an yi girbi ka ajiye mini kwano ɗaya na iri." Baba ya ce masa ya ƙara loma, kada ta huce.

A cikin gida Inna ta kankare ƙanzon da ya kama gindin tukunya, ya fito ja, mai ƙamshi, ta kawo wa Baba a faifai bayan baƙi sun watse. Ya karɓa ya juya shi a hannu, na ga idonsa ya kai kan randar da ba komai a cikinta. Na san abin da yake shirin faɗa, Inna ma ta sani.

Ta ce, "Malam, ba za a ƙara ajiye komai ba."

Sai ya kira 'yata, ya zaunar da ita a gabansa, ya gutsura mata. Ya ce kada ta haɗiye da wuri, ta tauna a hankali ta gaya masa abin da ta ji.