Karsanar Inna da Dokar Nasara

Shekarar da na dawo Illela daga jami'a, baffana, ƙanen mahaifina, ya tambaye ni a kan me na yi binciken kammala karatu. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Na ce na duba yadda dokar Turawan mulkin mallaka ta ɗauki dukiyar matar aure. Na bayyana masa cewa a wani zamani, can ƙasarsu, in mace ta yi aure yawancin abin da ta mallaka yakan koma hannun miji. Na ƙara da cewa su ma sun daɗe da sauya dokar, kuma iya sanina ba ta taɓa hawa kan auren Musulmi a nan ba, kodayake ba zan ce na karanta komai ba.

Baffa ya ji kashin farko sarai. Sauran, ina jin, ƙarar manyan motocin da ke wucewa Ƙonni ce ta tafi da shi.

Tun ina yaro nake jin mutumin nan yana tsine wa Nasara. Su suka ja iyaka suka raba mu da dangi, su suka ɓata tarbiyya, har ciwon gwiwarsa da hannunsu a ciki. Amma ranar sai ya jinjina kai, ya ce ashe ba a banza suka mallaki duniya ba, mutanen suna da tsari.

Matarsa, wadda muke kira Inna, tana da jar karsana da ta gada, ita kaɗai ta rage mata daga garken mahaifinta. Baffa kuwa babur yake so na ɗaukar albasa, kuma ya daɗe yana yi wa karsanar kallon wanda ke hango tayoyi a ƙarƙashinta. Dare bai yi nisa ba ya sanar da gida cewa ranar Lahadi zai kai ta kara, kasuwar shanu, bisa shawarar yaronsu mai digiri.

Barci ya ƙaurace min. Da safe na sami Baffa na sake bayani tun daga farko. Na ce ba lallai ba ne abin ya shafe mu, ya ce to ban ce bai shafe mu ba. Na ce a shari'a dukiyar mace tata ce, ya ce yana girmama shari'a ƙwarai, shi ya sa ba zai jawo ta cikin ƙaramar magana irin ta saniya ba.

Inna ta aika a kira ni. Na same ta tana tsintar wake, na durƙusa na gaishe ta, na jero mata bayanin da duk sharuɗɗansa. Ta saurara har na gama.

"Ɗana, yau dai tawa ce, ko?"

Na ce tata ce yau, kuma a fahimtata ranar Lahadi ma.

"Ban tambaye ka Lahadi ba."

Washegari, Baffa yana gona, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wata ruga bayan ƙauyen Araba ta zo tare da mijinta. Shanunsu sun ƙare a wani ciwo da ya ratsa garken. A gaban maƙwabta da limamin unguwa Inna ta miƙa musu igiyar karsanar, ta ce habbanaye ce. Wato aro ne irin na makiyaya: saniya tana nan ta mai ita, amma za ta zauna wurin wanda aka ba wa sai ta haihu sau biyu ko uku, 'ya'yan da nonon nasa ne, sannan a maido ta. Liman ya yi addu'a, aka shafa.

Baffa ya dawo ya tarar da turke babu komai. Ba zan ce akwai dokar da ta hana shi zuwa rugar ya kwance ta ba. Sai dai wanda ya ƙwato habbanaye daga hannun mutanen da shanunsu suka mutu, bayan liman ya sa albarka, ban san majalisar da zai sake zama a garin nan ba. Mutane ma har gida suka riƙa zuwa suna yaba masa, wai ya iya tarbiyyar iyali. Ya karɓi yabon yana cije baki.

Da yamma ya kira ni gefe.

"Kai, mi Turawan nan suka ce game da habbanaye?"

Na ce ban ci karo da ita a littattafansu ba, mai yiwuwa ba su san da ita ba.

"Shi ya sa ba su daɗe ba," in ji shi.

Da karsanar ta haihu, ni na raka Inna rugar. Maraƙa ce, ja kamar uwarta. Inna ta daɗe tana shafa wuyan uwar, ba ta taɓa 'yar ba, tunda ba tata ba ce. Aka ba mu nono a ƙwarya muka sha a matsayin baƙi. A hanya na fara cewa wataƙila da an bi ta wurin alƙali da ba ta yi asarar 'ya'yan ba. Ta ce wataƙila, amma saniyarta tana numfashi, kuma ta san inda take kwana.